Yadda ake zana taswirar hanyar da ido baya gani a cikin wasan ƙarfe

"Assalamu alaikum Malam. Ina da wani abin wasa ƙwaƙwalwa na ƙarfe, kamar guntun bututu yake, da sanda a tsakiyarsa da ake murɗawa ana ja. Ance akwai hanya mai lunguna a ciki wadda ba a gani, sai ka bi ta har ƙarshe sannan sandar ta fito. Na daɗe ina fama, da na ɗan yi nisa sai inji ƙas, na faɗa rami, dole in koma farko. Na gwada zana hanyar a takarda amma zanen yau baya taɓa dacewa da na jiya, har na fara zargin ko abin lalacewa yayi. Dan Allah da wane kayan aiki kuke zana irin wannan taswirar, kuma ta ina ake farawa? Sannan wani abokina yace in kai a ɗau hoton eksire kawai in huta, ana yin haka?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka da kyau tambaya uku ce ka dunƙule: me yasa zanenka na yau yake saɓa wa na jiya, da me ake awo, sannan ko akwai laifi a leƙa cikin abin da na'ura. Ta farkon ita ce uwa, in ka gane ta sauran zasu zo da sauƙi, dan haka a kanta zan fi daɗewa. Kuma tun kafin muyi nisa ka kwantar da hankalinka, da wuya ace abin naka lalacewa yayi. Wannan ƙorafin na taswira tana canjawa kusan duk wanda ya shigo harkar nan sai ya yi shi, kuma galibi matsalar daga salon zanen take.

Bari mu fara da abin da yake ciki, domin ba zaka iya zana abin da baka san siffarsa ba. Irin wanda ka kwatanta, fitacce a cikinsu shi ne Revomaze, wanda wani ɗan Ingila mai suna Chris Pitt ya ƙirƙira. Hanyar a jikin sandar aka sassaƙa ta, zagaye da ita, shi kuma kuben da ya rufe ta yana da ɗan fil a ciki wanda sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai turawa, yake dannawa a kan sandar. In ka murɗa ko ka ja, fil ɗin ne yake tafiya a cikin hanyar. Abin da ya sa irin wannan ya fi wasan hanya mai lunguna da ake zanawa a takarda wahala nesa ba kusa ba shi ne hanyar ba a daidai take ba, tana da tudu tana da kwari. Wani wurin bango ne a gefenka, wani wurin kuma babu bango sai gaɓa, in ka zame fil ya faɗa ƙasa, sifirin ya danne shi, ba hawowa sai ka bi kwarin ya maida kai mafari. Ƙas ɗin da kake ji kenan. Akwai wani dangin daban wanda ɗan boris ne yake gangarawa a cikin rufaffen akwati, wannan zan taɓo shi can gaba, dan dabararsa daban ce.

Me yasa zanenka yake yi maka gardama

Ina kyautata zaton irin zanen da kake yi shi ne: na ja kaɗan, na murɗa dama, na ja da yawa, na murɗa hagu, kana jan layi gwargwadon yadda hannunka ya ji. Wannan motsi kake zanawa, ba wuri ba. Kowane layi a kan ƙarshen wanda ya gabace shi yake tsayawa, to in ka yi kuskuren milimita 1 a na farko, na biyu zai gaje shi ya ƙara nasa, kafin ka kai kwana ta goma zanen ya bar gaskiya gaba ɗaya. Kuma "kaɗan" ɗin hannunka na safe ba shi ne na dare ba bayan yatsu sun gaji. Maganin ɗaya ne, kuma in ba zaka ɗauki komai daga amsar nan ba ka ɗauki wannan: kowane wuri a cikin hanyar lamba biyu gare shi, nawa sandar ta juya da kuma nawa ta fito, kuma dukkansu daga sifili guda ɗaya wanda baya motsi ake auna su. Ba daga inda ka tsaya ɗazu ba. In ka yi haka kuskuren wuri ɗaya a wurin zai tsaya, ba zai bi ka gaba ba.

Na biyu, mutane suna mantawa cewa hanyar zagaye take. Ka ɗauka kamar takardar da aka liƙa a jikin gwangwani ce, ka tsaga ta a tsaye ka shimfiɗa a tebur, to haka taswirarka take, gefen dama da gefen hagu wuri ɗaya ne. Digiri 360 shi ne sifili. Sau da yawa mutum zai zana lungu biyu a gefe biyu na takarda yana ta neman abin da ya haɗa su, alhali lungu ɗaya ne ya shigo masa ta fuska biyu. Ni nakan zana taswirar sau biyu a jere, ko in naɗe takardar in haɗa bakinta in duba.

Na uku shi ne juyin madubi. In ka riƙe kube ka murɗa sanda dama, fil ɗin hagu yayi a jikin hanyar, tunda shi a tsaye yake hanyar ce ta wuce ta ƙarƙashinsa. Wannan ba matsala bane in kullum haka kake yi. Inda ake samun ruɗani shi ne yau ka riƙe kube ka juya sanda, gobe ka riƙe sanda ka juya kube, ko yau kan sandar yana kallonka gobe yana kallon gaba, kaga abin da yake bin hannun agogo ta wannan ƙarshen saɓaninsa yake yi ta wancan. Sai zane biyu su fito kowanne daidai ne amma ɗaya juyin ɗaya ne. Ka zaɓi riƙo ɗaya, ka rubuta shi a saman takardar da manyan baƙi, kar ka sake canjawa.

Na huɗu ya fi su siriri, shi ne sako-sakon da ke tsakanin fil da bango. Dole hanya ta fi fil faɗi in ba haka ba ba zai wuce ba. A ce faɗin hanyar milimita 3 ne fil ɗin kuma 2, kaga akwai milimita 1 da sandar zata yi wasa ba tare da ka bar lungun ba. In kaurin sandar milimita 20 ne, kewayenta kusan 63 kenan, wato wannan milimita 1 ɗin ya kusa digiri 6. Dan haka lungu ɗaya yana da awo biyu, na jingina da bangon dama da na jingina da bangon hagu, kuma duka gaskiya ne. Wanda bai san da wannan ba sai yaga 84 yau gobe yaga 90 yace abin ya canja. Ka riƙa rubuta duka biyun. Ribar da ke ciki kuma, bakin inji ɗaya ne galibi ya yanka yawancin hanyoyin, dan haka wannan tazarar kusan iri ɗaya zata riƙa fitowa, duk inda kaga ta fi yadda ka saba to akwai wani abu a wurin, ko fili ne ko bakin wata hanya.

Kayan aiki

Ba kaya masu yawa bane. Na juyi, ka yanko siririyar takarda ka naɗe ta a bakin kuben, ka sa alama inda ta haɗu, ka kwance ka auna tsawon da rula ka raba gida 36, kowane gida digiri 10 kenan. In kaurin kuben milimita 40 ne kewayen zai kai wajen 126, kowane gida milimita 3.5, ya isa ido ya raba shi biyu ya karanta digiri 5. Ka maida ta ka liƙa da tef na takarda irin na masu fenti, shi baya barin danƙo a jikin launin ƙarfen kamar salatef. Sai manuni a kan sandar, ɗan guntun waya ko tsinken kati da aka manna yana nuna lambobin, kuma ya kasance dab da takardar, dan in akwai rata tsakaninsu duk ta inda ka kalla lamba daban zaka gani. In kan sandar mai kusurwa shida ne irin noti, ka sa wa fuskokin lamba 1 zuwa 6, tsakanin kowacce da ta kusa digiri 60 ne, yana taimakawa wajen sanin yankin da kake da kallo ɗaya. Ka zana ɗan layin fensir da ya hau takardar ya sauka kan kuben, in ta zame zaka gani nan take.

Na tsawo, abin da yafi shi ne kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da masu juya ƙarfe suke auna kauri da shi. Mai lambobi a fuska yafi sauƙi dan zaka iya maida shi sifili lokacin da sandar take ciki gaba ɗaya, daga nan duk abin da ya nuna shi ne fitowarta. Yana nuna har kashi ɗari na milimita amma kar ka wahalar da kanka da wannan, rabin milimita ya wadatar, hannunka ma ba zai iya tsayawa a abin da ya fi haka ƙanƙanta ba. In babu, ƙaramar rula ta ƙarfe da aka jingina da fuskar kuben ta isa. Abin da zan hana ka shi ne manna tef ko takarda a ɓangaren sandar da yake shiga ciki, zai ɓantare ya maƙale a inda hannu baya kaiwa.

Sai takarda mai gida-gida, da fensir, da biro kala uku, da takarda shara-shara wadda ake ganin ta ƙasa ta cikinta. Wayarka ma kayan aiki ce babba. Ka kafa ta yadda kyamara zata ga manuni da rula a tare, ka riƙa magana kana tafiya. Lokacin da mutum ya faɗa rami hankalinsa yana kan yatsunsa, baya kallon lamba, kuma kafin ya duba sandar ta riga ta zame. A bidiyo zaka ja baya ka tsayar daidai inda ƙas ɗin ya fito ka karanta lambobin cikin natsuwa. Wasu suna zuba lambobin a manhajar lissafi ta Excel su sa ya fitar musu da ɗigo-ɗigo, juyi a kwance tsawo a tsaye, yana da kyau in lambobin sun yi yawa, amma ni har yanzu na fi son fensir dan lokacin da kake jan layin da hannu ne kake lura da abin da bai zauna ba.

Yadda ake tafiya a ciki

Ka raba aikin biyu, awo daban zane daban. Lokacin awo jadawali kawai kake cikawa: lambar wuri, juyi, tsawo, da abin da ka ji, bango ne mai tauri ko gaɓa ko hawa ko gangara. Sai ka ajiye ƙarfen sannan ka zana. In ka haɗa su lokaci ɗaya zanen zai fara gaya wa hannunka abin da zai ji, ka fara ganin hanya inda kake so ta kasance.

Bango shi ne abokin tafiyarka. Ka jingina da shi da ɗan matsi mara ƙarfi, ka riƙa zamewa a hankali, duk inda matsin ya saki to ƙofa ce, ka tsaya ka rubuta kafin ka leƙa. In ka gama gefe ɗaya ka dawo ta ɗaya gefen, dan ƙofar da take hagu ba zaka taɓa jin ta ba in dama kake jingine. Gaɓa kuma tana da nata gargaɗin. Kan fil ɗin a zagaye yake, to kafin ya faɗa yakan fara sulluɓewa a bakin, zakaji kamar sandar tana son ta tafi da kanta ba kai kake tura ta ba. Da zarar ka ji haka ka koma baya ka rubuta lambar. Wannan jin ba a ranar farko yake zuwa ba, amma yana zuwa, kuma yafi zuwa in gwiwar hannunka tana kan tebur, yatsu suna dafe da bakin kuben suna yi wa sandar birki.

Ga wani abu da na ga mutane da yawa suna watsarwa kuma a ganina asara ce babba: ramin da ka faɗa shi ma ka zana shi. Kowa in ya faɗa haushi yake ji ya ruga mafari da sauri. Amma jikin sandar fili ne ƙayyadadde, duk inda kwari ya cinye to tudu ba zai bi ta nan ba, kuma a cikin kwari kana da 'yanci, ba abin da zaka sake faɗawa, kana iya shafa bangonsa ko'ina hankali kwance. Bangon kwarin nan sau da yawa shi ne gindin hanyar saman da kake tsoron takawa. Wato daga ƙasa kana iya zana siffar gadar da baka taɓa hayewa ba, ka san inda ta lanƙwasa da inda ta tsuke tun kafin ka hau. Ni da gangan nake faɗawa kowane rami in na fara sabon wasa, in auna inda na faɗa da inda ya fitar da ni.

A wajen zane, baƙi na bango, ja na gaɓa, shuɗi na kwari, kibiya a duk inda ake shiga ba a dawowa. Doka ɗaya nake riƙewa da ƙarfi, biro na abin da na auna sau biyu a zama daban-daban ya bada lamba ɗaya, fensir na abin da nake zato. Taswirar da ta cakuɗa zato da tabbas tafi rashin taswira cutarwa, dan zaka yi kwanaki kana kauce wa bangon da babu shi.

Ta wace hanya za a fara bi

Dabarar da kowa ya sani ita ce dafa bango ɗaya ka bi shi har ƙarshe. Tana aiki in duk bangon a haɗe yake, amma in akwai tsibiri a tsakiya sai ka yi ta zagaye, a kan sanda kuma abin ya fi muni tunda hanyar kanta tana iya zagayowa ta dawo da kai. Wadda ta fi ta ita ce ta Trémaux, wani injiniya ɗan Faransa, wadda masanin lissafi Édouard Lucas ya bayyana a 1882: duk hanyar da ka shiga ka sa mata alama, in sabuwar hanya ta kai ka mararrabar da ka taɓa zuwa ka juya ta inda ka fito, kuma kar ka bi hanya ɗaya fiye da sau biyu. Alamar a takardarka zaka sa tunda ba zaka iya sa ta a ciki ba. Sai dai ka sani ita wannan dabarar ta ɗauka cewa duk inda ka shiga kana iya juyowa, rami kuma ya karya wannan sharaɗin. Dan haka abin da nake ɗauka daga gare ta shi ne tsarin lissafin ƙofofi: kowace mararraba na ba ta harafi, na rubuta ƙofofinta nawa, wacce na shiga wacce ban shiga ba. Ina fara ƙarasa duk wuraren da ke da bango gefe biyu, sannan in zo kan masu gaɓa, in fara da na kusa da mafari dan in na faɗa dawowar ba nisa.

Daga wannan lissafin zaka fitar da taswira ta biyu, ƙarama, wadda ba ruwanta da awo, ɗigo ne kawai da layukan da suka haɗa su. Tunanin ya samo asali tun aikin Euler na 1736 a kan gadoji bakwai na garin Königsberg, inda ya nuna cewa a irin wannan tambayar abin dubawa shi ne me ya haɗu da me. Babbar taswira ita ke gaya maka inda zaka nema, ƙaramar ita kake haddacewa ka riƙa komawa bakin aiki da sauri.

In ka tara lambobi da ɗan yawa ka jera su ka duba, zakaga suna taruwa a wasu wurare, dan mai zanen da tsari yayi aikinsa. A ce hanyoyin kwance suna fitowa a tsawo 4 da 8 da 12 da 20, to ina 16? Ko akwai hanya a nan da baka samu ƙofarta ba, ko an ajiye wurin dan wani abu. Haka kuma duk wani farin fili a taswirar da ya fi kaurin bangon da ka saba gani, ka zagaye shi da fensir, ka koma ka shafa duk bangon da ke kewaye da shi a hankali. Yawancin lokutan da na maƙale, nan amsar take fitowa, domin ƙofar takan zama siririya ko a karkace, wadda sai ka murɗa kana ja lokaci guda take karɓarka, mai tafiya a miƙe kawai wuce ta zai yi ta yi.

In taswira mai kyau ta fara saɓawa

Yanzu a ce ka gyara duk abin da na lissafa, awonka ya zauna, sai kuma wata rana ka zo wuri mai lamba ɗaya ka tarar da bango inda jiya ƙofa ce. To nan labari ya canja, kuma abin murna ne, ka gano cewa akwai abu mai motsi a ciki. A jerin Revomaze ma haka ne, kowanne da launinsa ake kiransa, shuɗin hanyarsa a kafe take, amma na tagulla da na azurfa suna da sassa masu motsi. A irin wannan lamba biyu basu isa ba, sai ka ƙara ta uku, wato halin da cikin yake. Ka fara duba layin fensir ɗin nan ko takardar ce ta zame. In ba ita bace ka tambayi kanka abu biyu: ta wace hanya na biyo na zo nan, kuma yaya na riƙe abin, a tsaye ko a kwance ko kife. Na farkon yana nuna akwai abin da fil ɗin yake turawa in ya bi ta wani lungu, na biyun yana nuna akwai abin da nauyinsa yake sa shi faɗawa ko kaucewa. Ka canja abu ɗaya kawai a kowane gwaji, in ka canja hanya da riƙo tare ko ƙofar ta buɗe ba zaka san wanne ya buɗe ta ba. Ka kara abin a kunne ka karkata shi a hankali, in akwai sakakken abu zakaji ɗan motsinsa, abin sauraron ƙirji na likita yana ƙara fito da sautin sosai. Nan takarda shara-shara take amfani, babbar taswira a ƙasa da abin da baya canjawa, kowane hali kuma da tasa takardar a sama.

Masu ɗan boris a ciki

Waɗannan babu sandar da zaka auna, kunne da tafin hannu ne kawai. Misali Inside3 da ake yi a Faransa, akwati ne mai hawa-hawa a ciki, wasu daga cikinsu har taswirar kowane hawa an zana a jikinsu, amma duk da haka mutane suna ɓata dan matsalar ita ce sanin inda boris ɗin yake yanzu. Ka sa wa fuskoki shidan lamba, ka riƙa rubuta wacce ce a ƙasa a kowane motsi. Tsawon ƙarar gangarawa yana gaya maka gida nawa ya wuce, faɗawa daga hawa zuwa hawa kuma sautinta daban ne da bugun bango. Ka karkata a hankali, in da sauri ne zai tsallake ramin da ya kamata ya shiga. In akwatin roba ne boris ɗin kuma ƙarfe, allurar kamfas ko ɗan ƙaramin maganaɗisu a zare yana iya nuna maka kusurwar da yake. Amma kar ka kusantar da maganaɗisu mai ƙarfi ga wasan ƙarfe irin naka, ƙananan sassan ciki suna iya ɗaukar maganaɗisun su riƙa mannewa, abin da ya kamata ya faɗi da nauyinsa ya daina faɗuwa.

Batun eksire

Ko ta fuskar aiki ma shawarar abokin naka bata cika biya ba. Hoton eksire na yau da kullum inuwa ce a shimfiɗe, hanyar gaban sandar da ta bayanta zasu hau kan juna, ƙarfe mai nauyi irin tagulla kuma yana tare hasken sosai, injin asibiti dan jikin mutum aka saita shi. Na'urar da take iya yanka hoton ƙarfe fai-fai ta masana'antu ce. Ta fuskar dacewa kuma, abinka ne, ba wanda zai hana ka, sai dai kar ka ce ka warware alhali leƙawa kayi, kuma in ka samu taswira ta kowace hanya kar ka baza ta a fili, masu wannan harkar suna ƙin haka ƙwarai dan yana kashe wa na baya daɗin abin. Awo da zane kuwa ba wanda yake ɗaukarsu a matsayin maguɗi, su ne aikin ma. Ni dai ba zan so ka yi eksire ba, dan ranar da sandar ta zare ka ɗora zanenka kusa da hanyar gaske ka ga inda ka dace da inda ka kauce, wannan ba abin da zaka so ka sayar da arha bane.

Sannan ka san iyakar taswira. Zata nuna maka inda siririyar gada take da yadda ta lanƙwasa, amma hannunka ne zai haye, kuma akwai wuraren da zaka san hanya sarai ka ci gaba da faɗawa har sai yatsu sun koya. In hannu ya fara ciwo ka ajiye, gajiyayyen hannu baya jin gaɓa. Kar ka sa filaya, kar ka danna da ƙarfi, kar ka ɗiga mai, ƙarfi yana cinye kusurwoyin hanyar, mai kuma yana tara datti ya riƙe sassa masu motsi.

Game da zargin lalacewa, tunda abin ba a hannuna yake ba ga gwajin da zaka yi da kanka. Bayan ka liƙa takardar digiri ka kafa sifilinka, ka ɗauki gajeriyar hanya daga mafari zuwa kwana ta uku, ka bi ta sau biyar da riƙo iri ɗaya kana jingine da bango ɗaya, kana rubuta lambobin. In sun fito kusa da juna, lafiyarsa ƙalau, ka ci gaba da zana yankin mafari da ramin farko gaba ɗaya kafin ka sake neman nisa. In kuma kana jin kamar yashi a ciki, ko yana cijewa a wurare daban-daban ba tsari, ko ƙas ɗin ya daina fita da ƙarfi kamar da, to wataƙila datti ne ko sifirin ɗin ya yi sanyi, ka dakata da shi haka ka tuntuɓi waɗanda suka ƙera shi ka yi musu bayanin abin da kake ji da lambar wurin da yake cijewa.